Shekarar da Na Rubuta a Goshin Gidan Sikeli

Ni ne na ƙara wa Gidan Sikeli shekara arba'in da shida, da ragowar jan fenti a gindin gwangwani. Na faɗi wannan tun da fari don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye, domin kewaye-kewaye sana'ata ce ta biyu. Ta farko rubutun allon kantuna. Shekara hamsin na yi a kan tsani, kuma babu shago a titin tasha wanda sunansa bai fito daga burushina ba. In ɗan kasuwa ya karye ya tashi, ni nake goge sunansa in rubuta na wanda ya gaje shi, shi ya sa na san wa ya bi bayan wa a kowace ƙofa. Da haka mutanen unguwa suka laƙaba mini Baba Kundi, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu kamar gadon ubana.

Gidan Sikeli bene ne mai hawa biyu, a kwanar da titin tasha ya haɗu da hanyar ma'aikatu. A da akwai ƙaton sikeli a gabansa, inda ake auna kayan da jirgin ƙasa ya sauke. Sikelin ya daɗe da tafiya wajen masu sayen tsohon ƙarfe, sunan ne ya zauna. Ƙasa shaguna shida ne, sama kuma ɗakin ɗaukar hoto da wata makarantar koyon keken rubutu da daga baya ta koma wurin gyaran waya. A saman ƙofar tsakiya, magini ya bar wani ɗan fili na siminti mai siffar ƙwai, faɗinsa bai kai kamu ɗaya ba, bai sa komai a ciki ba.

Ina da shekara ashirin da shida mai gidan, wani tsoho mai sayar da ƙusa da kwaɗo, ya ba ni aikin rubuta allunan shagunan duka. Da na gama ina shirin sauke tsani sai ya nuna mini ƙwan nan da sandarsa.

"Ka ga manyan kantunan cikin gari, kowanne da shekara a goshinsa. Mu ma sa mana, a san ba jiya muka zo ba."

Na ce, "Wace shekara zan sa, Baba?"

"Wadda ta yi kyau."

To, shekarar gaskiya na san ta sarai. Ina ɗan shekara bakwai na ga ana gina benen nan, mahaifina yana cikin leburorin da ke hawa da kwanon siminti a ka. 1957 ke nan. Amma wanda bai taɓa riƙe burushi ba bai san halin lambobi ba. Biyar mai ciki ce, tana cin wuri tana shan fenti. Bakwai tana da dogon hannu. Takwas kuwa ba a magana. Ɗaya ce kawai mai kunya, ja ɗaya daga sama zuwa ƙasa, an gama da ita. Na leƙa gwangwanina, fentin da ya rage bai fi cokali biyu ba. Na dubi ƙwan, ga shi matsattse. Sai na zabga ɗaya, tara, ɗaya, ɗaya. Suka zauna ɗas kamar don su aka yi wurin, har na tsaya ina yaba wa kaina.

A lokacin dariya kowa ya yi. Wanzamin ƙasan benen ya ɗaga kai ya ce, "Ashe gidan nan ya girmi ubanka da ya gina shi." Kowa ya san ado ne, irin wanda ake yi wa bayan mota. Sai dai babban birni ba ya riƙe mai shaida. Kowa daga wani wuri ya zo, in ya ajiye aiki ya koma garinsu, wanda bai koma ba kuma ƙasa ta rufe. Masu dariyar suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka zo bayansu ba su tarar da dariya ba, lamba suka tarar. Da aka yi wa gidan kwaskwarima, wani magini ya bi sahun burushina ya tayar da lambobin da siminti, har da ɗan karkacewar jelar tara inda hannuna ya yi rawa. Ba a jima ba hoton gidan ya fito a kalanda. Malaman makaranta suka fara kawo ɗalibai su tsaya a inuwarsa, kuma duk wanda suka tambaya sai ya ce, "Ku je wajen Baba Kundi."

Da farko na yi ta-maza ina cewa, "Haka dai aka rubuta." Amma mutum talatin sun zuba maka ido, ga malama da littafi a buɗe, wa zai iya? Na fara shafa wa labari shuni. Na ce a jirgin ƙasa na farko aka kawo ƙarafan rufin. Na ce wani magini ya faɗo daga sama ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya koma aiki. Na ce a ɗakin saman nan aka fara kunna wutar lantarki a duk birnin, har mutane suka gudu suna zaton gobara. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya har da jikoki, kuma ta kai wani lokacin in ina bayarwa sai in ji tsigar jikina ta tashi, kamar ina wurin aka yi.

Cikin masu saurarona babu kamar Auta, 'yata ta ƙarshe. Yayyenta in na fara labari sai kowa ya tuna yana da aike, ita kuwa ta tallafe haɓa. Ta karanci tarihi a jami'a, ta ƙara, ta sake ƙarawa, har ta zama Dakta. Ranar da aka ba ta digirin ta gaya wa malamanta cewa a gindin tsanina ta fara karatu. Na yi kuka a gaban jama'a, ba kunya ba tsoron Allah.

Bara hukumar birni ta ce za ta faɗaɗa titin tasha, kuma layin da suka ja ya bi ta tsakiyar Gidan Sikeli. Doka ta ce ginin da ya haura shekara ɗari ba a taɓa shi. Aka kafa kwamiti ya saurari hujja. Mutanen unguwa ba su yi dogon tunani ba, suka ce ai muna da Dakta a gida. Auta ta yi wata uku tana haɗa rahoto, ta sa hannu, ta miƙa. A shafin farko ta rubuta cewa wannan shi ne bene mafi tsufa da ya rage a birnin, an gina shi a 1911.

Ranar Litinin ta shigo gida da takardunta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ranar Alhamis za a zauna. Takardun hukuma na wancan zamanin ruwa ya ci su a ɗakin ajiya, ban sami ko ɗaya ba. Lambar nan ita ce hujjata, sai kuma kai. Ina so ka tsaya ka gaya musu cewa da ka fara hawa, ka tarar da tsohuwar lamba a wurin, bin sahunta kawai ka yi."

Wannan ma ni na gaya mata, tun tana 'yar firamare. Na gyara zama, na yi gyaran murya irin ta manya, na ce, "Ai wannan ba abin damuwa ba ne."

Kashegari na tafi shagon Tela, abokina na shekara talatin, wanda ke haya a shago na uku a ƙasan benen. Ina zama ya zare allura daga bakinsa ya ce, "Kundi, ka ji injiniyan hukuma ya samo wasu hotuna? Wai waɗanda aka ɗauka daga jirgin sama a da can. Yaron da ke kai masa shayi ne ya faɗa. Ai gara ma, su gani da idonsu."

Na san abin da hoton zai nuna in dai ya girmi 1957: fili fetal, da sikeli, da bishiyar da leburori ke cin abinci a ƙarƙashinta. Na hango Auta tsaye gaban manyan mutane, ana ɗaga mata hoton fili, ga sa hannunta a ƙasan rahoto. A aikinsu suna shi ne jari. Mai tarihin da aka kama da shekarar bogi, ko gaskiya ya faɗa gobe sai an ce a duba.

Na matsa kusa da keken ɗinkin na ce, "Tela, zan gaya maka wata magana. Ni na ƙirƙiri lambar nan."

"Wace lamba?"

"Ta goshin gidan. Fenti ne ya ƙare mini."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Tsufa ya fara taɓa ka. To maginin da ya faɗo daga sama fa? Ai kakan matata ya san shi."

"Ni na ƙirƙiri maginin."

"Kakan matata ma kai ka ƙirƙire shi?"

Ka ga mutum ya yi shekaru yana ƙarya ana gaskata shi, rana ɗaya ya faɗi gaskiya an ce ya rikice. Da Tela ya ga ban yi dariya ba, sai ya tsayar da keken. Ya daɗe yana kallon tulin ɗinkin da ke rataye a bango, sannan ya ce a hankali, "Ko ma dai mene ne, ka haɗiye shi har Alhamis ta wuce. Ina zan kai keken nan a shekaruna?" Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba.

Da yamma na shirya zan gaya wa Auta. Har na tsara yadda zan fara, da karin magana biyu da tarihin tsadar fenti a wancan zamanin. Tana shigowa ta riga ni baki, ta miƙo mini wata takarda tana murmushi. Littafin da take rubutawa ne a kan unguwannin birnin, kuma a shafin sadaukarwa ta sa: "Ga mahaifina, kundin da bai taɓa ɓata mini shafi ba." Na karanta sau biyu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, rubutun ya yi ƙanƙanta, a ƙara masa girma. Wallahi haka na ce.

Ranar Laraba da hantsi na aro tsani wajen mai gyaran lantarki, na ce wa Auta ta raka ni Gidan Sikeli, akwai abin da ya kamata ta gani kafin gobe. Na san in a zaune ne bakina zai sake kauce mini, amma a kan tsani ban taɓa yi wa aiki ƙarya ba. Shekara takwas rabona da hawa. Ina kaiwa mataki na huɗu masu shaguna suka fito suna cewa a sauko da tsohon nan kafin ya ja musu magana. Na yi kunnen uwar shegu har na kai ga ƙwan.

Na ɗora tafin hannuna a kan lambobin. "Auta, dubi faɗin wurin nan. In ke ce da burushi mai faɗin yatsa biyu, biyar da bakwai za su shiga?"

Ta ɗaga kai tana kare rana da fayil ɗinta. "Wace biyar da bakwai, Baba?"

"Na shekarar da aka gina shi. Kakanki ya ɗauki siminti a nan, ina tsaye ina kallo. Babu wata tsohuwar lamba da na tarar. Fili ne fari tas. Mai gidan ya ce in sa wadda ta yi kyau, fentina ya kusa ƙarewa, ɗaya kuma ba ta shan fenti."

Motoci suna ta wucewa a bayanta. Na ci gaba da zuba don shirunta ya fi ƙarfina, na gaya mata na jirgin ƙasa, da na maginin, da na wutar lantarki. Ina jira ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta ce tsufa ne kamar yadda Tela ya ce. Da ta ƙaryata ni ma da na ji sanyi. Amma ta san hannuna. Ta ƙura wa jelar tarar nan ido, irin karkacewar da take gani a kowane allo na titin tun tana yarinya.

"Sauko a hankali," in ji ta. Ta riƙe tsanin da hannu biyu har na taka ƙasa, ta mayar wa mai lantarki kayansa, ta yi masa godiya, ta tare mota ta tafi ofis.

Ranar Alhamis zauren hukuma ya cika. Mutanen unguwa sun sha wanka sun jeru a benci, Tela a gaba da sabuwar riga. Injiniya yana gefe da wani dogon ambulan a kan cinyarsa, yana shafa shi kamar mai lallashin kyanwa. Ni na zaɓi kujerar da ke bayan ginshiƙi.

Da aka kira Auta ta miƙe, ta ce kafin komai tana da gyara. Ta ce shekarar da ta rubuta a rahotonta kuskure ce, an gina gidan a 1957, lambar da ke goshinsa ado ne da aka yi daga baya. Ta ce laifin nata ne, domin ta dogara da baki ɗaya ba ta nemi na biyu ba, alhali abin da take hana ɗalibanta ke nan. Shugaban kwamiti ya tambaye ta wa ya yi adon. Ta ce wani mai fenti ne. Ba ta waiwayo ba, amma rabin zauren ya waiwayo a madadinta, kuma ginshiƙin bai kai ni faɗi ba.

Daga nan ta yi magana ta kusan rabin awa ba ta duba takarda ba. Ta ce gidan bai kai ɗari ba, amma a ƙofarsa duk kayan da aka gina birnin da su suka bi, kuma a ɗakin samansa rabin ma'aikatan gwamnati na farko suka ɗauki hoton neman aiki. Ta kawo sunayen masu haya tun daga farko, waɗanda ta samo a rasiɗan ruwa, ba a bakina ba. Ban taɓa jin labarin gidan nan ya yi daɗi haka ba, kuma babu shuni ko ɗigo a ciki. Injiniya ya tura ambulansa ƙarƙashin kujera bai buɗe ba. Shugaban ya yaba mata, ya ce irin wannan riƙon amana ya yi ƙaranci. Sannan ya ce doka dai ɗari ta ce.

Bayan wata biyu aka kawo katafila. Ban je kallo ba. Tela ya koma da kekensa zauren gidan surukinsa, can bayan filin jirgi, kuma in mun haɗu yana amsa gaisuwata daidai gwargwado, ba ragi ba ƙari. A unguwa an daina ce mini Baba Kundi. Yanzu Baba Ɗaya-Ɗaya ake kirana, har jikokina sun ɗauka. Sunan Auta kuwa bai yi ko ƙwarzane ba, har wani kwamitin aka ƙara sa ta. Na ce to, alhamdu lillahi, abin da na hau tsani dominsa ya samu.

Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Gaisuwa ba ta fasa ba, maganin hawan jinina bai taɓa yankewa ba. Wata Asabar ta zo da sabon littafin rubutu da 'yar na'urar ɗaukar magana, ta zauna a tabarma a gabana.

"Baba, littafina zan sake daga farko. Za mu bi titin tasha ƙofa-ƙofa. Abin da ka gani da idonka kawai nake so."

Na ji daɗi har raina. Na ce a raina ashe dai har yanzu ana buƙatar tsohon kundi. Muka fara daga shagon wanzami. Duk inda harshena ya so ya zame sai in kama shi, in ce wannan ji na yi, wannan ban sani ba. Ashe "ban sani ba" ma magana ce da ake iya faɗa a rayu. Da muka iso kantin littattafan da ke kallon tasha, sai na sassauta murya.

"A nan na fara ganin mahaifiyarki," na ce. "Ina rubuta allon kantin, ita tana jiran mota. Ta ɗaga kai ta ce, malam, layinka ya karkace. Na sauko in yi musu, na ja da baya na duba, ashe ya karkace ɗin. Allah ya ji ƙanta, har ta bar duniya ba ta bar ni na manta ba."

Auta tana da shekara huɗu uwarta ta rasu. Duk abin da ta sani game da ita daga bakina ta ji shi. Ta sunkuyar da kai tana rubutawa, na ga ta ɗan goge ido da bakin mayafinta.

Mai rubutun allo yana karanta rubutu ko a kife ko a juye, domin ta ciki muke rubuta gilashin kanti. Ban yi niyyar leƙe ba, idona ne ya faɗa kan shafin. Ta rubuta labarin tsaf, kalma da kalma, yadda na faɗa. A gefensa, da ƙaramin rubutu, ta sa: a nemi wani shaida.

Ta ɗago ta ce, "Sai shago na gaba, Baba."

Na ce, "Na mai gyaran agogo ne."